Mai goyo a Jidda: yadda za ki samu abokan zama ke da ɗanki

A Kano ko Maraɗi mai jego ba ta fita neman abokiyar hira. Tun daga ranar da ta sauka 'yan barka ke sintiri, ga tsohuwa mai dafa ruwan wanka, ga mai dama kunun kanwa, ga 'yan matan maƙwabta suna rigimar wa zai fara ɗaukar jariri. A Jidda kuwa mace kan wuni a hawa na huɗu, ƙofa a kulle, esi na ruri, ba za ta ji muryar babban mutum ba sai maigida ya dawo bayan isha'i.

Da ba haka Hausawan garin suke zaune ba. Karantina, Sabil, Hindawiyya, Gulail da Bitrumin sun daɗe suna matsugunin mutanen Afirka ta Yamma, wasunsu jikokin mahajjatan da suka bi ta Sudan a ƙasa suka tsallako Bahar Maliya daga Suwakin. A waɗannan lunguna ɗa na kowa ne. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukuma ta rushe unguwanni masu yawa a kudanci da tsakiyar gari, har da waɗannan, maƙwabtan shekara da shekaru suka watse, wasu gabas, wasu arewa, wasu suka bar garin. Su kuma 'yan baya-bayan nan, matan likitoci da malaman jami'a, ma'aikatan jinya, iyalan ma'aikatan Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da na ƙungiyar OIC, dama ba su taɓa samun wannan lungun ba. Abin da tsakar gida ke bai wa mai goyo kyauta, yanzu sai ta tashi ta haɗa shi da hannunta. Ga hanyoyin da nake ganin sun fi ɗorewa.

1. Fara da benen da kike ciki. Kafin ki tsallaka gari neman Bahaushiya 'yar'uwarki, ki san matar da ƙofarta ke kallon taki. Wataƙila 'yar Yaman ce, ko 'yar Sudan, ko Bamisriya, ko 'yar Indunusiya, kuma tana iya kasancewa cikin kaɗaicin da kike ciki. Ki aika mata da faranti: waina, ko dambun nama, ko ma dabino kawai. Ba kasafai faranti ke dawowa fanko ba a garin nan. Idan kina jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofa, maigida ya tambayi mai gadin benen waɗanne gidaje ne ke da ƙananan yara, shi ya san kowa. Larabcinki bai nuna ba? Ba komai. Yara biyu masu rarrafe a kan darduma ɗaya sun isa su buɗe hira.

2. Kada ki yi shiru a layin rigakafi. A Saudiyya ana kai yaro allura a wata 2, 4, 6, 9, 12, 18 da 24. Duk matar da kika gani a ɗakin jira riƙe da katin rigakafi, da wuya ɗanta ya girmi naki da yawa, kuma galibi a unguwarku take. Ki gaishe ta, ki tambayi watannin yaro, in kun saba ku karɓi lambar juna. Haka sashen mata na masallacin unguwa a daren tarawihi, inda masu goyo kan taru a sahun baya kusa da ƙofa.

3. Idan za ku riƙa haɗuwa, ku tsaya a mutum huɗu zuwa shida, ku tsayar da rana. Taron mata goma sha biyar da yara ashirin biki ne, ba a yinsa kowane mako. Abin da mai goyo ke buƙata shi ne ta san cewa ran Talata da hantsi akwai inda za ta je, ba sai an gayyace ta ba. Makon aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan manyan yara sun tafi makaranta, daga tara da rabi zuwa sha ɗaya da rabi, a watse kafin azahar da barcin rana. Ku riƙa zagayawa gida-gida. Wadda ɗakinta ya yi ƙanƙanta ko maigidanta ba ya son taro, a ɗauke mata karɓar baƙi ba tare da an sa ta yin bayani ba, ta riƙa zuwa kawai. Idan kun buɗe zauren WhatsApp, ya tsaya ga sanar da wuri da lokaci. Da zarar ya cika da tallan atamfa da saƙonnin da ake turawa daga wasu wurare, sanarwar haɗuwa za ta nutse.

4. Ku yi wa abinci iyaka tun ranar farko. Rashin iyakar nan shi ne abin da ya fi kashe irin wannan haɗuwa, kuma ina roƙonku ku ɗauke shi da gaske. Ta farko za ta kawo shayi da cincin. Ta biyu ta ga ai kunya ne, ta soya sambusa ta yi zoɓo. Ta uku ta kwana tana gyaran kaza. Kafin zagaye ya zo kan ta huɗu, wadda albashin mijinta bai kai na sauran ba ko jaririnta ba ya barin ta barci, sai ta ce ba ta jin daɗi, daga nan ba za a sake ganinta ba. An taru ne don a rage wa juna gajiya, sai ga shi an ƙara. Ku yanke a gaban kowa: ruwa, shayi ko gahawa, da abin taɓawa kala ɗaya. Kowace uwa ta zo da abincin ɗanta. Gidan da aka same shi a hargitse da kayan wasa, a zauna a haka, kada mai gida ta ba da haƙuri, kada baƙuwa ta bi kusurwa da ido.

A nan ne kuma za a kula da abin da ke kan tire. Dabino mai ƙwallo, gyaɗa, aya, gugguru da inabin da ba a tsaga ba duk suna iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. Ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma, ko da lasa ce. Butar gahawa da filas ɗin shayi su hau tebur mai tsayi, kaskon turaren wuta kuma a kashe shi kafin yara su iso, saboda garwashin da kuma hayaƙin a ɗakin da tagoginsa ke rufe.

5. Ki bi ɗakin da rarrafe kafin baƙi su zo. Ki durƙusa ki duba abin da idon ɗan wata goma zai gani: soket, wayar caja, ƙananan batura masu kama da maɓalli, maganin wanke banɗaki a ƙarƙashin famfo, bokitin da aka bari da ruwa. A gidan bene, taga da baranda su ne abin tsoro na farko. Kada a bar kujera ko gado a jikin taga, ƙofar baranda kuma a kulle a cire makulli.

6. Ku tsara shekararku bisa yanayin garin. Jidda tana da watanni masu daɗi, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar teku ke kaɗawa har mutum ya zauna a waje da hantsi. Kada ku bari su wuce kuna cikin ɗaki. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa zafi kan doshi digiri 40, ga danshin teku da ke hana gumi bushewa, jariri kuma ba ya jure abin da babba ke jurewa. A watannin nan fita waje sai da sassafe ko bayan magariba. Mutanen gari sun saba fitowa da yara bakin teku har tsakar dare, musamman a Ramadan da lokacin hutu. Sau ɗaya a wani lokaci ba laifi, amma yaron da ya saba kwanciya ƙarfe ɗaya na dare uwarsa ce ke shan wahalarsa washegari. Ni na fi son fitar safe, domin tana ba uwa da ɗa ɗan hasken rana, kuma ƙarancin bitamin D ya yi yawa a tsakanin mata da yaran da ke wuni a ɗaki. Ki tambayi likitan yara game da ɗigon bitamin D na jarirai masu shan nono.

Abu biyu kuma. Zazzaɓin dengi ya daɗe a Jidda, tun 1994 ake fama da shi, sauron da ke kawo shi kuma da rana yake cizo, ya fi ƙarfi da safe da yamma lis. A lulluɓe keken jariri da gidan sauro idan za a zauna kusa da ciyawa ko ruwa. Sannan ranar da aka yi gargaɗin ruwan sama, a soke haɗuwa ba tare da shawara ba. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta ci rayuka sama da 100, ta Nuwamban 2022 kuma ta shanye tituna da motoci cikin 'yan sa'o'i.

7. Wuraren fita da ba sa cin kuɗi. Sabon bakin teku na arewacin Kornish, wanda aka buɗe a ƙarshen 2017, ya haura kilomita 4, da hanyar tafiya mai santsi ga keken jariri, da ciyawa, da wuraren wasan yara, da banɗakuna da wuraren salla. Ku zo da tabarma da ruwa, ku zaɓi wuri ɗaya da kowa ta sani don kada a ɓata lokaci ana neman juna a waya. Da safiyar ranakun aiki kusan ku kaɗai ne. Daren Alhamis da Juma'a kuwa ko wurin ajiye mota aiki ne. Ta ɓangaren Hamra ana hango maɓuɓɓugar Sarki Fahad da ke cilla ruwa sama da mita 250, yara masu tatata kan tsaya su ƙura mata ido. Ga Lambun Yarima Majid ga masu zama tsakiyar gari. Amma kada ku raina ƙaramin lambun unguwa da hanyar tafiyar ƙafa da ke kusa da ku: wurin da za ki isa da ƙafa cikin minti goma ya fi wanda sai an jira mota, don shi za ki iya zuwa ko yaushe.

Idan za ku Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ku bar keken a gida. Lungunan da kasuwar Alawi ba su yi da taya ba. Zanen goyo da majanyi sun fi, kuma babu abin jin kunya a ciki.

8. Mafakar lokacin zafi. Manyan kantuna irin su Red Sea Mall, Mall of Arabia da Al Salam Mall ba su da cunkoso da hantsi a ranakun aiki, akwai sanyi da filin da yaro zai taka, masallacin mata kuma wuri ne mai sutura na shayarwa. Matsalarsu aljihu: ku shiga da niyyar tafiya da hira, ba sayayya ba, in ba haka ba mai ƙaramin ƙarfi za ta janye. Gidan kifaye na Fakieh da ke Kornish, wanda aka buɗe a 2013, ana biyan kuɗin shiga, ya dace da fitar da ake yi jefi-jefi, kuma ko ɗan wata takwas yakan bi kifi da ido. Cibiyar Hayy Jameel da ke unguwar Muhammadiyya, wadda ta fara aiki a Disamban 2021, tana da sashen yara. Ku bincika shekarun da kowane shiri ya ƙunsa kafin ku ɗauki hanya.

Wani lokaci iyalai kan haɗa kuɗi su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa, na wuni guda. Yawancinsu suna da wurin ninƙaya, kuma a nan ne hatsarin yake. Yaro yakan nutse shiru, babu ihu, cikin ɗan lokacin da uwa ta juya zuba shayi, kuma a taro kowa kan ɗauka wata ce ke kallo. Ku kama wadda ruwanta ke da shinge da ƙofa mai kulle, ku kuma naɗa mace ɗaya da sunanta mai tsaron ruwa, ba waya a hannunta, a canje ta bayan kowane rabin sa'a.

9. Ku leƙa cibiyar unguwa da makarantar hadda. Jidda tana da ƙungiyar cibiyoyin unguwanni, Marakizul Ahya, da rassa a unguwanni da dama da shirye-shiryen mata. Akwai kuma makarantun haddar Alƙur'ani na mata, da yawansu ƙarƙashin ƙungiyar Khairukum, masu ajin safe. Ki je da kanki ki tambaya ko suna karɓar mai goyo, ko akwai ɗakin yara, da abin da ake buƙata wajen rajista. Ko shafi guda kike ɗauka a mako, kin samu karatu, kin samu Larabci, kin samu fuskokin da za su tambaye ki in ba su gan ki ba.

10. Ku yi Hausa, ku kuma nemo tsohuwa. Yaron da ya tashi a Jidda zai samu Larabci a titi da makaranta, zai samu Turanci a waya. Hausa kuwa in bai ji ta a bakin mutane fiye da uwarsa da ubansa ba, zai ɗauke ta yaren faɗa da aike kawai, ya je Katsina hutu kakarsa tana masa wasa yana kallonta. Haɗuwar mako ita ce inda zai ji mata suna dariya da Hausa, ya ji yara 'yan'uwansa suna amsawa. Ku ware minti goma sha biyar a zauna a da'ira: waƙoƙin reno da tafi, wasan sunayen gaɓoɓin jiki, gajeriyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ga waɗanda suka kai shekara biyu zuwa uku. Talabijin a kashe, wayoyi a jaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana.

Waɗanda suka fi kowa iya waɗannan waƙoƙi da dabarun reno suna nan cikin gari: iyayenmu tsofaffi da suka yi shekara talatin ko arba'in a Karantina da Gulail, yanzu suna zaune a wasu unguwanni nesa da waɗanda suka saba da su. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu 'yan boko da suka zo da takardar aiki ke ja da baya da su, suna kiran su Takari da wata murya. Wannan asara ce, kuma rashin kyautawa ne. Hajiyar da ta yi wa mata da yawa wankan jego a garin nan ta san inda ake samun kanwa da daddawa da kuka, ta san yadda ake lallashin mai ciwon ciki, ta san garin tun kafin a gina rabinsa. Ku aika mota ta ɗauko ta, ku ba ta wuri mai kyau, ku kira ta Inna ko Hajiya, yaranku su samu kaka. Abin da ya shafi magani da jiƙe-jiƙe ne kaɗai za a ce mata cikin ladabi sai an tambayi likita, musamman ga jaririn da bai kai wata 6 ba, wanda nono zalla ya ishe shi.

11. Yaro marar lafiya ya zauna a gida. Zazzaɓi, gudawa, amai, ƙuraje ko jan ido, a haƙura da wannan makon, kuma kada a ji haushi. Jidda ƙofar Makka ce, kusan kowane gidan Bahaushe yana saukar baƙin Umara da Hajji, tari da mura kuma suna biyo su. Idan kin yi baƙi masu tari, ki sanar da sauran, musamman in akwai jaririn da bai kai wata uku ba. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawarar likita dare da rana, 997 ta motar asibiti ce, 911 kuma ta gaggawa. Kowace uwa ta ajiye su a wayarta.

12. Ku kiyaye dokar ƙasa da sirrin juna. Kada ki ɗauki hoton ɗan wata ko na matan da ke wuri ki ɗora a Facebook ko TikTok ba da izini ba. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Tara kuɗin taimako daga jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne, haka mayar da gida wurin renon yara na kuɗi. Riƙe wa ƙawarki yaro na sa'a biyu ta je asibiti, ita ma ta riƙe miki gobe, wannan zumunci ne, a bar shi a haka. Kuma kada haɗuwa ta zama wurin tambayar wace ce ke da iƙama, wato takardar zama, wace ce ba ta da ita, ko nawa mijin wance ke ɗauka. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin.

13. Ku lura da wadda ta yi shiru. Idan ɗayarku ta haihu, ku raba kwanaki: yau wannan ta kai kunu da farfesu, gobe waccan ta ɗauke mata babban yaron na wuni, har a yi arba'in. Mahaifiyarta tana iya kasa samun bizar zuwa, ku ne danginta a nan. Bayan suna, lokacin da ƙafa ta ɗauke, shi ne lokacin da ya fi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya doshi kashi 20. Alamominsa kuka ba dalili, rashin barci ko da jariri ya yi barci, ƙin abinci, jin ba ta iya komai ba, da gudun mutane, fiye da mako biyu. Ba raunin imani ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. Wadda ta daina zuwa, kada a tsaya ga saƙon waya. Ɗaya ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta karɓi jaririn, ta ce mata ta shiga ta yi wanka ta kwanta. A yi mata addu'a, a kuma raka ta wurin likita. Idan ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, ranar za a kai ta asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

14. Maigida, ga naka. Fitar nan ta mako ba yawo ba ce, lafiyar iyalinka ce, kuma yawanci abin da ke hana ta shi ne mota. Tun Yunin 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan. Idan uwargida tana da lasisi, a bar mata motar rana ɗaya a mako. In ba haka ba, ka ware kuɗin Uber ko Careem cikin kuɗin cefane, ko ka sauke ta kan hanyarka ta zuwa aiki, wani maigidan ya dawo da su. Ka sayi kujerar yara ta mota ka ɗaura ta a baya. Doka ta wajabta ta, ta kuma hana zaunar da yaron da bai kai shekara 10 ba a gaba, kuma hannun uwa ba ya riƙe jariri idan aka taka birki a guje a titin Madina ko titin Haramain. Kada a bar yaro a mota a kulle ko na minti biyu ne, ko da esi a kunne. Ranar Asabar ɗaya a wata kuma ku mazan ku kwashi masu tatata ku kai su lambu da sassafe, ku bar iyayensu mata su yi barci har hantsi.